Aikin Edgar Codd da amfaninsa ga mai nazarin karin harshen Tasawa

Duk wanda ya taɓa tattara kalmomi a ƙauyukan Tasawa da Mayahi ya san wahalar da ke biyo bayan tattarawa. Akan rubuta kowace kalma a kati guda, tare da ma'anarta da garin da aka ji ta, a jera katunan cikin kwali bisa tsarin abacada. Ran da aka so sanin a waɗanne garuruwa ake cewa "tahi" da "hura" maimakon "tafi" da "fura", sai an zazzage kwalin duka, domin jerin abacada tambaya ɗaya kawai yake amsawa.

Wanda ya warware wannan matsala ba masanin harshe ba ne. Edgar F. Codd Baturen Ingila ne, an haife shi a 1923, ya karanta lissafi a Jami'ar Oxford, kana ya yi aiki a kamfanin IBM a Amurka. A 1970 ya buga wata maƙala a mujallar Communications of the ACM, inda ya kawo shawarar a riƙa ajiye bayanai cikin jadawali masu layi da ginshiƙi, kowane layi da lambar da ke bambanta shi, a kuma haɗa jadawali da ɗan'uwansa ta hanyar lambobin nan. Kafin haka, mai neman wani abu a kwamfuta sai ya san hanyar da aka bi aka ajiye shi. Codd ya raba tambaya da ma'ajiya: mai bincike ya faɗi abin da yake so, na'ura ta nemo hanya. A kan wannan tushe ne Donald Chamberlin da Raymond Boyce suka gina harshen tambaya da aka sani yau da SQL, a 1974. An ba Codd lambar yabo ta Turing a 1981, ya rasu a 2003.

Abin da ya fi shafarmu shi ne ƙa'idarsa ta cewa kowane bayani a rubuta shi wuri ɗaya, sau ɗaya. Mu ɗauki "fara". A rubutun boko siffa ɗaya ce, amma kalmomi uku ne: ƙwaro, da soma aiki, da launi, waɗanda karin sauti da tsawon wasali ke rarrabewa. A yankinmu kuwa "hwara" ake ji. Idan aka bi Codd, ma'anoni suna da jadawalinsu, lafuzza suna da nasu, garuruwa ma haka, sai jadawali na huɗu ya nuna wane lafazi aka ji a wane gari da wace ma'ana.

Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Ƙamus ɗin Bargery na 1934, duk da yalwarsa da kulawar da ya yi wa kalmomin Katsina da Sakkwato, littafi ne, kuma littafi dole ya sa siffa ɗaya a gaba, sauran su biyo ta. Siffar Kano ce ta saba samun gaban. Daga nan ne, a ganinmu, ɗalibin Tasawa yake koyon ɗaukar maganar uwarsa tamkar kuskure. A cikin jadawali kuwa "hwara" da "fara" layi biyu ne masu daraja ɗaya. Wadda za ta jagoranci shafi zaɓi ne na ranar bugawa.

Sai dai harshe ba ya shiga ginshiƙi cikin ladabi kullum. Wata kalmar tana da jam'i uku, wata ba ta da ko ɗaya. Wata tana jawo karin magana da misalai, wata ma'ana ɗaya ta ishe ta. Irin waɗannan bayanai marasa tsayayyen fasali ne Serge Abiteboul na cibiyar INRIA ta Faransa da abokan aikinsa suka nazarta a shekarun 1990, kuma tsarin XML ya dace da su. Da shi ne shirin DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot suka yi tare da masanan Nijar da Mali, ya mayar da ƙamusoshin Hausa, Zabarmanci, Barbarci, Buzanci da Bambaranci zuwa siffar da kwamfuta ke iya bincikawa.

Na'ura dai ba ta ƙirƙiro abin da ba a ba ta ba. Katin da aka rubuta ba sunan gari, ba alamar karin sauti, haka zai shiga jadawali da gurbi biyu babu kome a ciki, kuma cike su sai an sake komawa ƙauyen da aka ji kalmar.