Auren Gata: Abin da Ake Faɗa a Lafiya da Abin da Ya Faru a Kano

Da zarar an nuno gadaje da katifun auren gata jere a Kano, sai majalisun masu shayi a garin Lafiya su ɗauka: me ya hana Nasarawa yin irinsa? Tukuna dai, a tace maganganun da ke yawo.

Ana cewa gwamnati ce ke haɗa mace da namijin da ba ta taɓa gani ba. Galibi jita-jita ce. A 2012 gwamnatin Rabi'u Musa Kwankwaso ta fara da ma'aurata 100 ta hannun Hisbah, ƙarƙashin Sheikh Aminu Daurawa. Akasarin matan da manemansu suke zuwa, sadaki da kayan ɗaki ne suka tsayar da su, kuma sai da waliyyi ake ɗaurawa. Amma tambayar yarda da shekarun amarya ba ta banza ba ce. Ita ta tada ƙura a jihar Neja a 2024 kan aurar da marayu mata 100 na Mariga.

Wai ango ne ke cin banza? A bikin mutum 1,800 da amarensu na Oktoban 2023, gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta biya sadaki naira 50,000, ta ba da gado da katifa, da jarin naira 20,000. Duk na amarya ne. Cefane da haya suna wuyan ango tun daga washegari, jarin nan kuwa ko buhun shinkafa ba ya saye.

Batun cewa auren gata yana maganin mutuwar aure ne ban yarda da shi ba. An aurar da 1,111 a 2013, an yi 1,500 a 2019, layin bai ƙare ba. Hisbah ta gindaya sharaɗin kada a yi saki sai an komo gabanta, to amma Nasarawa ba ta cikin jihohi 12 masu shari'a, wa zai riƙe wannan igiyar?

Abin da ba a cika zancensa ba shi ne gwajin jini: ƙanjamau, ciwon hanta, juna biyu, da sikila. Idan mai jinin AS ya auri mai jinin AS, kowane ciki yana da haɗarin ɗaya cikin huɗu na haihuwar mai sikila. A 2024 Kano ta mayar da gwajin doka a kan duk mai shirin aure, da gata ko babu.