Inda "ƙasa" ke komawa "kasa" a ajin gina shafin intanet

Ɗaliban da ke fara kwas ɗin gina shafukan intanet a kwaleji kan shigo aji da ɗokin launuka da hotuna. Malami kuwa da HTML yake farawa, wato ƙashin bayan shafi, kafin a kai ga CSS mai yi masa ado.

Ɗalibin da ya gwada rubutu da Hausa kan yi tuntuɓe da wuri. Ya rubuta "ƙasa", ya ɗora shafin, sai harafin ƙ ya rikiɗe zuwa wasu alamomi marasa ma'ana. Galibi ya manta layi ɗaya ne tak a saman shafi, wanda ke shaida wa burauza cewa rubutun UTF-8 ne.

Wasu maimakon su ƙara layin, sai su cire lanƙwasar harafin. A nan bai kamata malami ya ɗaga ƙafa ba: shafin makaranta ne zai fito yana cewa "kasa" inda ake nufin Najeriya.