Dafa nama cikin leda a ruwan zafi: amfaninsa da haɗarinsa a gidajen Yamai

Duk mai cefane a Yamai ya san halin naman sanuwar da aka koro daga daji: ga daɗi, ga tauri. Uwargida ta kan ɗora tukunya tun hantsi, gaz ko gawayi yana ta ci, amma a sauke a tarar nama ya ƙanƙance ya bushe. Wannan ne ya sa wata dabarar girki da Faransawa ke kira sous vide ta cancanci a yi bayaninta, musamman da yake ana yawan nuna ta a Facebook da TikTok ba tare da an faɗi haɗarinta ba.

Ma'anar sunan ita ce "inda babu iska". Ana sa nama cikin leda ta musamman, a fitar da iskar ciki, a like baki, sannan a tsoma cikin ruwan da zafinsa ke tsaye wuri ɗaya, yawanci tsakanin digiri 55 da 80. Ruwan ba ya tafasa, tunda tafasa sai a digiri 100. Wata ƴar na'ura mai kama da sanda ake maƙalawa a bakin tukunya, tana dumama ruwan tana juya shi, ba ta barin zafin ya hau ko ya sauka.

Dabarar ta fito daga Faransa. A 1974 wani kuku mai suna Georges Pralus ya gwada ta a gidan cin abincin Troisgros da ke garin Roanne, inda hantar agwagwa mai tsada ke narkewa a kasko ana asara. Da ya naɗe ta cikin leda ya dafa a ruwa mai matsakaicin zafi, asarar ta ragu ƙwarai. Wani masanin abinci, Bruno Goussault, shi ya duƙufa wajen tantance yawan zafi da tsawon lokacin da kowane irin nama ke bukata.

Me ya sa naman ke laushi? Idan zafi ya yi yawa, tsokar nama tana tsukewa ta matse ruwan jikinta waje. Idan kuwa zafin kaɗan ne kuma ya daɗe, jijiyoyin da ke sa tauri suna narkewa a hankali, ruwan naman kuma ba shi da wurin zuwa sai cikin leda. Mutanen Yamai ba baƙin wannan hikima ba ne. Ragon layya da ake banƙarewa a jikin itace, a jera kewaye da wuta ba a kanta ba, a bar shi ya wuni yana gasuwa, shi ma sannu a hankali ne sirrinsa. Bambancin kawai, a nan ma'aunin zafi ne ke aiki a madadin idon mai gashi.

Tsoka mai laushi da kaurinta bai wuce yatsa biyu ba tana nuna cikin awa 1 zuwa 2 a digiri 57. Ƙirjin kaza yana son digiri 65 na kamar awa 2. Nama mai tauri irin na kafaɗa ko ƙauri yana iya cin awa 24. A digiri 57 cikin naman sa yana fitowa da ɗan ja. Wannan jan ba jini ba ne, launin tsokar ne da zafi bai kai ga canzawa ba. Wanda ba ya sonsa sai ya ɗaga zuwa digiri 70. Bayan an fitar da naman daga leda ana goge shi, a ɗora kan garwashi ko kasko mai zafi minti ɗaya kowane gefe, don ya samu launi da ƙanshin gashi, sannan a barbaɗa yaji.

Inda gizo ke saƙa shi ne wutar lantarki. Hukumar lafiya ta duniya, OMS, tana gargaɗin cewa ƙwayoyin cuta sun fi yaɗuwa a abinci tsakanin digiri 5 da 60. Girkin da ake yi a digiri 55 ko 57 yana bakin wannan iyaka, kuma abin da ke kashe ƙwayoyin shi ne daɗewar naman a zafin ba tare da yankewa ba. To, a Yamai ɗauke wuta ba labari ba ne, balle a watannin Afrilu da Mayu da zafin gari ke haura digiri 40, ko irin abin da aka gani a Agustan 2023 lokacin da Najeriya ta katse wutar da take sayar wa kamfanin Nigelec. Idan wuta ta tafi cikin dare, ruwan ya huce zuwa digiri 40, naman ya zama gidan haihuwar ƙwayoyin cuta. Mafi muni a cikinsu, wadda ke haddasa cutar botulisme mai shanye jiki, a wurin da babu iska take hayayyafa, wato daidai irin cikin wannan leda. Kuma ba lalle ne wari ko ɗanɗano ya tona asirinta ba.

Saboda haka, wanda ba shi da batir ɗin hasken rana ko injin wuta, gara ya tsaya ga girkin awa 1 zuwa 3, da rana, yana kusa. Da zarar wuta ta tafi, a fitar da naman a ƙarasa shi a tukunya ko kan gawayi nan take. Idan an farka an tarar ruwan ya huce kuma ba a san tun yaushe ba, naman ya tashi daga na ci, komai tsadarsa. Wanda za a ajiye kuwa, a tsoma ledar cikin ruwan ƙanƙara ta huce da sauri, a sa a firigo, a cinye cikin kwana biyu. Mata masu juna biyu, ƙananan yara da tsofaffi, a ba su wanda ya nuna sosai.

Ledar ma abin lura ce. Baƙar leda ta kasuwa ba a yi ta don zafi ba, kada a dafa abinci a cikinta. A nemi wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana jure girki. Ba dole sai da injin zuƙe iska ba: idan aka tsoma leda mai zif cikin ruwa a hankali, ruwan da kansa zai koro iskar, sai a rufe. Mai sayen na'urar kuma ya duba ta dace da wutar Nijar ta volt 220, domin waɗanda aka ƙera don kasuwar Amurka na volt 120 ne, suna iya ƙonewa da zarar an jona.

Dabarar tana iya mayar da nama mai tauri da araha ya yi laushi kamar na manyan otel. Amma kafin a sayi na'ura, a fara duba tsawon awoyin da wuta ke zama a unguwa, a kuma sayi naman daga mahauci mai tsabta da sassafe, tun bai sha rana a kan tebur ba.