Dalilin da ya sa sabuwar na'urar DJ kan yi shiru

Sabon DJ kan jona na'urar MIDI da kwamfuta, ya murɗa maɓalli, ya ji shiru. Galibi lafiyarta ƙalau. Tsarin MIDI, wanda ya fito a 1983, ba ya ɗaukar sauti. Umarni kawai yake aikawa, manhaja ta fassara.

Saboda haka sai manhajar ta san aikin kowane maɓalli. VirtualDJ da Mixxx na gane na'urori da dama da kansu, amma Serato sai waɗanda ta amince da su, don haka gara mai saye ya bincika kafin ya biya. Sannan a raba mafitar sauti biyu, ta lasifika da ta kunne, kada 'yan biki su ji waƙar da ake shiryawa.