Injin Yankan Itace Ya Ƙi Tashi? Kada Ka Yi Saurin Sayen Koyil

Da rani, lokacin da manoman Ɗambatta da Bichi ke rage rassan darbejiya, injin yankan itace kan ƙi tashi, aikin yini ya tsaya. Da yawa sai su garzaya Kano sayen koyil, alhali shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga.

Fara da fulogi. Idan ka kwance ka tarar da shi jiƙe da fetur, mai ne ya yi yawa: goge shi, ka buɗe cok, ka ja igiya kamar sau goma kafin ka mayar. Baƙin toka a bakinsa kuwa yawanci alamar baƙin mai ya zarce ƙima ne, ko ƙurar hunturu ta toshe matatar iska. Stihl na son mililita 20 a litar fetur ɗaya.

Sai gwajin wuta. Matsa nesa da galan ɗin mai, ka shiga inuwa, domin rana tana ɓoye tartsatsi. Sa fulogin a hularsa, jingina shi da ƙarfen injin, kunna makunni, ka ja. Tartsatsi shuɗi mai ƙarfi ake nema.

Babu ko da sabon fulogi? Zare siririyar wayar da ta taso daga makunni zuwa koyil, ka sake ja. Idan wuta ta zo, wayar ce ta goge tana taɓa ƙarfe, ko makunnin ya lalace. Mayar da ita kafin aiki, da ita ake kashe injin.

Idan har yanzu shiru, daidaita ratar koyil da maganaɗisun faifai, kimanin milimita 0.3, kaurin katin waya na takarda. Sai wannan ma ya gaza za ka nemi sabon koyil.