Takalmin Ƙwauri Ba Ya Warkar Da Agarar Doki

A Kurugu, da sauran garuruwan ƙasar Ƙaraye da Rogo, mai doki ba ya da fargabar da ta wuce ya shiga barga da safe ya tarar da bayan ƙwaurin dokinsa ya kumbura, ya yi zafi, doki yana ɗingishi. Wannan ita ce alamar cewa agara ta yage, watau jijiyar nan da ta sauko daga bayan gwiwa zuwa kusa da kofato. Sukuwa a ƙasa mai tauri ce ta fi jawo haka, musamman ga dokin da ya daɗe a turke ba a yi masa kilisa ba.

Abin ya fi ciwo idan Sallah ta gabato. Tun da aka maido da masarautar Ƙaraye a 2024, kuma a shekarar UNESCO ta sa hawan Sallar Kano cikin al'adun duniya, ba mahayin da ke so a fita hawa babu shi. Sai wasu su nemo takalmin ƙwauri irin na 'yan wasan folo, su ɗaura, su ɗora sirdi.

To, amfanin takalmin nan shi ne ya kare ƙwauri kada kofaton wata ƙafar ya buge shi. Ba ya ɗauke wa agara nauyin doki da mahayinsa. Yana kuma riƙe zafi, alhali tsakiyar jijiyar takan kai zafin digiri 45 lokacin sukuwa ko ba a rufe ta ba. In an ɗaure shi tamau, ko yashi ya shiga ciki, sai a ƙara wa ciwo ciwo.

Abin da likitocin dabbobi ke yi shi ne su sanyaya wurin da ruwan sanyi a kwanakin farko, su naɗe da auduga da bandeji, a bar doki a barga. Daga nan a riƙa jansa da hannu, ana ƙara tafiyar kaɗan-kaɗan. Lalas da wasu ke yi da ƙarfe mai zafi kuwa, fata kawai yake ƙonawa.

Warkewa takan ci wata 9 zuwa 12, kuma tabon da ya cike wurin ba ya miƙewa kamar jijiyar asali, shi ya sa takan sake yagewa. Dokin da ya ji ciwo a Ƙaramar Sallah, ba shi ba hawan Babbar Sallah, don tsakaninsu kusan kwana 70 ne kacal.