Bizar J-1: Je Ka Koyo, Ka Dawo Gida

Yau shirin namu ya leƙa birnin Washington, inda ake rubuta dokokin shiga Amurka.

A 1961 majalisar dokokin ƙasar ta zartar da dokar Fulbright-Hays, wadda a ƙarƙashinta ake ba da bizar J-1 ga ɗalibai, malaman jami'a da likitoci masu neman ƙwarewa. Da yawansu an gindaya musu sharaɗi: in sun gama, sai sun koma ƙasarsu sun yi shekara 2 kafin su nemi izinin zama na dindindin. Da wannan bizar matasan Afirka 'yan shirin Mandela Washington suka riƙa shigowa daga 2014, su yi mako 6 a jami'o'i, su tattara su koma.

To amma Amurka ma tana fama da ƙarancin likitoci. A 1994 ta buɗe wata kafa da yanzu ake kira Conrad 30: kowace jiha, har da Maryland da Virginia, tana iya riƙe likitoci 30 a shekara, a yafe musu komawa gida, muddin za su yi shekara 3 a yankin da likita ya yi ƙaranci. Likitan da aka horar a Zariya da kuɗin talakawa sai ya ƙare yana duba marasa lafiya a karkarar Amurka. Abin da ciwo, amma wa zai ga laifinsa?

Akwai dai masu dawowa. Farfesa Muhammad Ali Pate, ɗan Misau, ya yi karatun likita a Jami'ar Ahmadu Bello, ya ƙware a Amurka, ya yi aiki a Bankin Duniya da ke nan Washington. A 2008 gwamnatin Umaru Musa 'Yar'aduwa ta ba shi hukumar kula da lafiya a matakin farko. Ya jawo sarakunan Arewa cikin yaƙin shan inna, cutar da aka tabbatar an kawar da nau'inta na asali daga Afirka a 2020. Ya dawo ya tarar da aiki yana jiransa, shi ya sa ilimin ya yi rana.

A Agustan 2024 Najeriya ta amince da manufar ƙasa kan ƙaurar ma'aikatan lafiya. Gwamnonin Arewa, saura ku: ku gyara asibitoci, ku biya albashi a kan kari, ku tanadi gurbi ga masu shirin dawowa.